Tattasan Iri a Tanderun Yaya Safara'u

Yayata Safara'u ta haura shekara talatin tana gasa gurasa a gidan mijinta da ke kusa da Tiga, kuma a iya sanina tanderunta bai taɓa ganin komai ba sai ƙullin fulawa. Ran da ta fito da wani abu daban daga cikinsa ta ajiye a gaban mijinta, ina gidan. Abin da na gani da idona shi zan faɗa, wanda kuma ba a gabana aka yi ba zan ambaci wanda ya gaya mini.

A tsohon gari aka haife ta, wanda yanzu yake kwance a ƙarƙashin ruwan dam. Tana 'yar ƙarama aka tashi mutanenmu. Ta ce abin da kawai take tunawa shi ne an ɗora ta a kan jaki tsakanin tukwane biyu, an ce kada ta motsa. Ni a sabon matsuguni aka haife ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, Yaya ce ta goya ni, da aka ɗaura mata aure da Malam Sha'aibu kuma ta tafi da ni. A gidansu na girma, daga nan na yi makaranta har na samu aikin akawu a Bebeji. Shi ya sa har yau Malam ba ya kiran sunana Ghali. Akawu yake ce mini, wani lokaci kuma ɗan kayan ɗaki, wai tare da kwanuka aka kawo ni.

Yaya mace ce mai saurin hannu da saurin baki. Tanderunta babbar tukunyar ƙasa ce da aka kafa a gefen madafa aka yaɓe da laka. Takan hura kara a ciki, in bango ya yi zafi ta zura hannu ta manna gurasa ta rufe. Hannunta na dama babu gashi ko ɗaya tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ba ta taɓa zuwa gonar rani ta mijinta ba, kamar yawancin matan unguwar. Abin da gona ta ba da, a bakin ƙofa take haɗuwa da shi.

Shi kuwa Malam Sha'aibu manomin tattasai ne, kuma yana da wani iri da ya gada. Ran da aka tashi tsohon gari, mahaifinsa ya bar abubuwa da yawa, amma ya rataya wata 'yar gora a wuya cike da 'ya'yan tattasai. Tattasan gajere ne mai faɗi, namansa da kauri, ba shi da yaji, kuma in ka ajiye shi yakan zauna da gindinsa kamar kofi. Ɗan tsohon gari ake ce masa. Kowace shekara Malam yakan yage tsohon zanen Yaya, ya ɗaura ƙyalle a jikin bishiyoyin da suka fi kyau. Waɗannan ba a taɓa su sai sun nuna sun yi ja wur. Shi da kansa yake tsinka, ya tsaga, ya shanya a kan rufin zaure. Tattasan iri ba ya shiga cikin gida. Kuma 'ya'yan ba sa jure dogon ajiya, don haka irin kowace shekara shi ne duk abin da ake da shi. In ya ɓace, ɗan tsohon gari ya ƙare.

Bara, a ƙarshen damina, Malam ya yanke jiki ya faɗi a gona. A asibiti aka ce hawan jini ne da ciwon suga, ƙafarsa ta hagu kuma ta yi nauyi. Dole ya ba maƙwabcinsa Mas'ud gonar. Mas'ud ya shuka irin leda da ake sayarwa a kanti, ya bar wa ɗan tsohon gari fangali ɗaya tak, shi ma tsutsa ta cinye yawancinsa. Bishiyoyi kaɗan suka tsira. Sai da Malam ya sa aka ɗora shi a babur aka kai shi, ya ɗaura musu ƙyalle da hannunsa, aka dawo da shi yana haki.

Sai kuma maganar abinci. Likita ya ce a rage gishiri da mai sosai, a bar dunƙule, a bar gurasa da farar shinkafa. Mutumin da ya saba karyawa da gurasa mai zafi da man gyaɗa da ƙuli, aka koma ajiye masa faten wake salam. Ya ɗanɗana ya ture. Yaya ta gwada kwaɗon zogale, ya ce shi ba akuya ba ne. Ta yi tuwon alkama, ya ce miyar kamar an wanke tukunya. Yakan sha ruwa, ya ci loma biyu don a bar shi, ya juya fuska bango. Magani kuma ba ya son ciki wayam.

Na yi 'yan makonni ban je ba saboda aiki. Ran da na shiga na gan shi a kan tabarma, sai da na tsaya a bakin rumfa na kasa ƙarasawa. Rigarsa kamar an rataye ta a ƙusa. Wuyansa duk jijiya.

"Shigo mana, Akawu," in ji shi. "Ko ka zo rubuta sunana cikin waɗanda suka tafi?"

Na shiga na zauna a gefen tabarmarsa.

Autarsu Nabila ma'aikaciyar lafiya ce a Tudun Wada. Ita ta nuna wa uwarta wani bidiyo a waya, wata mata ta rarake manyan tattasai, ta cusa musu abinci, ta gasa a murhun lantarki ba tare da suya ba. Nabila ta ce mini Yaya ta kalla har ƙarshe, sannan ta ce, "Wannan ai dambu ne aka sa wa riga." Amma washegari ta aika aka sayo tattasai a kasuwa ta gwada a tanderu. Na kasuwa dogo ne siriri. Wasu suka yage wajen cusawa, sauran suka kife a cikin toka. Ta kwashe ta zubar, ba ta gaya wa kowa ba sai daga baya.

Ranar Asabar da abin ya faru, Mas'ud ya zo da sassafe. Shi ya ba ni wannan ɓangaren. Ya ga tattasan iri sun nuna, ga ɓarayin gona sun fara kewaya, sai ya tsinke su duka ya zuba a kwando, ya kwance ƙyalle ɗaya ya ɗaura a bakin kwandon. Duk manomin da ya ga wannan ƙyalle ya san me ake nufi. Ya yi sallama a zaure, Malam yana barci. Namiji ba ya shiga gidan, shi kuma yana sauri zai kama motar kasuwar Ƙafin Maiyaki. Sai ya ajiye kwandon a ƙofar ciki, ya ɗaga murya ya ce ga saƙon Malam nan, ya tafi.

To, wannan ƙofar ita ce inda ake ajiye cefane. Tun da Malam ya kwanta kuma, a nan masu dubiya ke barin abin da suka kawo, wannan lemo, wancan kifi. Yaya ta gaya mini daga baya cewa ta fito ta ga kwando. Ta gane ƙyallen, ai zanenta ne. Abin da ta fahimta shi ne daga gonarsu aka kawo. Ta ɗauki ɗaya ta ajiye a tafin hannu, ya zauna daram. Ta ce a ranta, ga wanda matar waya take amfani da shi.

Da hantsi na iso, na tarar Nabila ma ta zo. Yaya tana zaune a kujera 'yar tsuguno, ta jera tattasai a tire, ta yanke saman kowanne kamar hula, ta rarake cikin da cokali. Ni ba manomi ba ne, tattasai kawai na gani. A gefe ta riga ta turara ɓarzajjiyar alkama ta yi washar-washar. Ta zuba dafaffen wake, da ganyen zogale, da albasa, da naman tarwaɗar da ta gasa ta cire ƙaya. Maimakon dunƙule ta daka daddawa da tafarnuwa da citta. Gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Man gyaɗa cokali ɗaya ga kwano duka, Nabila tana tsaye a kanta kamar mai gadi.

"Inna, ya isa haka."

"Ke da Allah matsa. Ina girki tun ba a san za a haife ki ba."

Ta matsa lemon tsami, ta juya, ta cika kowane tattasai ba tare da ta danna ba, ta mayar masa da hularsa. Wutar tanderu ta bari ta mutu sai garwashi. Ta jera tsingaro a kan garwashin, ta ɗora tsohon faranti, ta zura hannun nan nata ta jera su ɗaya bayan ɗaya, ta rufe. Ƙyallen da ke bakin kwando ma da shi ta riƙa kama murfi.

Ƙanshin ne ya fara isa rumfa. Na ga Malam ya juyo daga bango.

"Me ke ƙonewa?"

"Ba abin da ke ƙonewa, Malam," in ji Yaya daga madafa. "Abincin akuya ne, ba naka ba."

Bayan Azahar ta fito da su. Fatarsu ta yi laushi ta ɗan yamutse, gefe-gefe ya yi baƙi, ruwansu ya jiƙa alkamar. Ta sa uku a kwano ta ajiye a gabansa, ta koma ta tsaya a jikin ginshiƙi. Ya daɗe yana kallo, don idonsa ma ya rage gani tun da ciwon ya kama shi. Ya ɗaga hular ɗaya da yatsa, tururi ya tashi. Ya yi bisimilla ya gutsura.

Babu wanda ya yi motsi a cikinmu. Ya cinye na farko har da hular. Ya jawo na biyu. Nabila ta kama hannuna ta matse. Na dubi Yaya, ta sa bakin mayafi ta rufe bakinta, idonta ya ciko.

"Akawu, kada ka sa rai," in ji Malam da abinci a baki. "Ba zan rage ba."

Ya ɗauki na uku. Sai na ga ya tsaya. Ya tauna abin da ke bakinsa a hankali, kamar mai son tuna wani abu. Ya juya tattasan ya kawo gindinsa kusa da ido, ya shafa da babban yatsa.

"Safara'u."

"Na'am, Malam."

"A ina kika samo tattasan nan?"

"Mas'ud ne ya kawo da safe. Daga gonarka."

"A cikin me?"

"A kwando."

"Da ƙyalle a jiki?"

Ta ɗaga ƙyallen da ke hannunta, ya yi baƙi da toka. "Wannan?"

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Tattasan ya suɓuce ya faɗa kwano.

"Nawa suka rage?"

"Duka na gasa," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa. "Ga sauran can na ajiye maka na dare."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi. Ya sake faɗa. Sannan ya dube ni kamar ni zan gyara. "Akawu, irin Baba ne. Na cinye irin Baba."

Yaya ta sulale ta zauna a ƙasa. Shekara da shekaru tana ba da zanenta ana yagewa, ba ta taɓa ganin tattasan da ake ɗaura wa ƙyallen ba sai a tsage a bushe, daga nesa, a kan rufin zaure. Nabila ta fara cewa, "Baba, ka kwantar da hankalinka, jininka," ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Tsoro biyu ne suka kama ni lokaci ɗaya, na irin da ya tafi, da na mutumin da nake gani yana rawar jiki a gabana.

Yaya ce ta fara dawowa hayyacinta.

"Tsaya, Malam. Ɓawon ka ci. Ban gasa da 'ya'yan ba, sai da na rarake su tas."

Ya ɗago. "Suna ina?"

Ta juya ta dubi gindin turmi, mu ma muka duba. A nan take watsa wa kaji duk abin da ta gyara. Wurin fes yake kamar an share, sai 'yan jajayen ɓurɓushi. A gefe, babban zakaranta fari, wanda take ta kiwo tana cewa na Sallah ne, yana tsaye da ƙafa ɗaya a inuwa, gaban wuyansa ya kumbura.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni mamaki. Malam Sha'aibu, wanda sai an kama shi yake zuwa bayan gida, ya dafa ginshiƙi ya miƙe. Ya ja ƙafar nan har gindin turmi, ya durƙusa ya fara tona ƙasa da yatsu. Muka durƙusa tare da shi. Abin da muka tsinta bai rufe tsakiyar tafin hannu ba, rabinsa ma kaji sun fasa.

"Ba zai isa ba," in ji shi. "Ko rabin fangali ba zai yi ba, in ma ya fito."

Yaya ba ta durƙusa ba. Zakaran take kallo.

"Shi ya ci," in ji ta. "Ina gani ya kore sauran, shi kaɗai ya tsaya a kai. Ghali, ɗauko wuƙa."

"Yaya, me za a yi?"

"Ba ka taɓa gyaran kaza ba? Abin da ta ci da hantsi yana nan a wuyanta har la'asar. Bai kai ƙundu ba tukuna. Auta, tare ƙofar zaure."

Zakaran kamar ya ji. Ya haye kan tanderu, ya ji zafi ya dira, ya bi ta ƙarƙashin rumbu. Ni da rigar zuwa ofis na bi shi na kife a kan turmi. Yaya ce ta jefa masa mayafi ta danne shi. Ta riƙe ƙafafu da fukafukai, na fuskanci gabas na yanka. Ba ta jira an fige ba. Ta tsaga fatar gindin wuya, ta zaro 'yar jakar nan da tsaba ke taruwa a ciki, ta kawo gaban Malam ta farke ta a cikin ƙwarya.

Ga dawa, ga tsakuwa, ga wani ƙwaro. A tsakaninsu kuma 'ya'yan tattasai, farare, da yawansu lafiya lau.

Malam ya daɗe yana kallon ƙwaryar. "Sun jiƙa," in ji shi. "Ban sani ba ko zafin cikinsa ya kashe su. Ban taɓa jin wanda ya shuka irin da ya fito daga wuyan zakara ba."

"To ka zama na farko," in ji Yaya.

Ta wanke su da ruwan randa, ta baza a faifai a inuwa, ta kife rariya a kai saboda sauran kajin. Da suka bushe Malam ya raba biyu. Kashi ɗaya ya zuba a gorar mahaifinsa. Ɗayan ya ce ba zai iya jiran lokacin yayyafa iri ba, sai ya sani. Aka cika tsohon baho da ƙasa da taki aka ajiye kusa da tabarmarsa, ya yayyafa, ya rufe da ciyawa.

Kwanakin da suka biyo baya Nabila ce ke ba ni labari ta waya. Ta ce gidan shiru. Malam bai yi wa Yaya faɗa ba, ita ma ba ta sake ba shi haƙuri ba bayan na ranar farko, amma ta daina gasa gurasa, wai ba ta son ganin tanderun. Da dare ranar Asabar ɗin Yaya ta kawo masa sauran tattasan ya ce a ɗauke. Washegari da kansa ya ce a ɗumama, tunda an riga an yi ɓarna kada a yi biyu. Ya ci yana ƙunƙuni. Bayan nan ya fara karɓar faten wake, don ya ce in bai ci ba hannunsa rawa yake wajen ba bahon ruwa, kuma bai yarda kowa ya taɓa masa ba. Kullum da safe sai ya ɗaga ciyawa ya leƙa. Mako ya wuce babu komai. Nabila ta ce ta sha ganin uwarta, in Malam ya shiga ɗaki, ta lallaɓa ta ɗaga ciyawar ita ma.

Wata safiya ina shirin fita aiki waya ta yi ƙara. Muryarsa ce.

"Akawu, in kana da abin rubutu a kusa, rubuta. 'Ya'yan zakara sun fito."

Na hau babur na tafi. Ba duka suka fito ba, wajen gefen bahon babu komai. Amma tsakiya ya yi kore da 'yan ganye bibbiyu. Malam yana zaune a kan kujera, ba a tabarma ba. Yaya tana tsaye a bayansa ta harɗe hannu.

"Yanzu sai ka bar ni in yi barci," in ji ta.

"Wa ya hana ki?" in ji shi. "Safara'u, abin nan da kika yi rannan. A sayo na kasuwa a sake."

"Na kasuwa ba ya zama, kifewa yake."

"To ki jingina su da juna. Zuwa baɗi."

Bana da ɗan tsohon gari ya nuna, Malam ya je gona da sanda ya tsinko na ƙyalle da hannunsa. Har yanzu yana shan magani, ƙafar ma ba ta koma daidai ba. Bai hau da kwandon rufin zaure ba, ya shigo da shi har madafa ya ajiye a gaban Yaya. Ita ta yanke huluna ta rarake, shi yana zaune da faifai a cinya yana karɓar 'ya'yan, yana cewa ta bi a hankali da cokalin. Kafin ta fara, sai da ya sa aka kama kajin gidan kaf aka kulle a akurki.